Tasar Kawu Addi Ba Ta Ci Ruwan Kowa Ba

Kawu Addi, yayan mahaifiyata, ya shekara talatin da ɗaya yana riƙe da tasar ruwan ƙauyenmu. 'Yar tasa ce ta tagulla mai huda a gindi. Sai ya ɗora ta kan ruwan bokiti, ya zauna bakin magudana ya zuba mata ido. In ta cika ta nutse, ya yi ƙulli ɗaya a ganyen dabino. Gidan maƙwabcinmu Uhmad tasa tara, gidanmu shida. Rabonka na cika zai daka tsawa, "A juya ruwa!" sai a toshe hanyar gonarka a buɗe ta na gaba. Ko liman bai isa ya roƙi ƙarin rabin tasa ba. Mutum ne mai taurin kan tsiya, ni kaina ba ma shiri sosai, amma zama kam ya iya shi. Sai ya wuni ko motsi bai yi ba.

Sai masu haƙar azurfa suka zo. Suka zagaye dutsen da waya, har da makiyayar tumakinmu da idon ruwan da kakanni suka haƙo wa hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Takarda suka nuna mana, mu kuwa ba mu taɓa sanin dutse na da takarda ba.

Da ruwan ya ɗauke gaba ɗaya, da ya fi sauƙi. Raguwa ya dinga yi. Tasa shida da ke kai wa sha'irinmu har ƙarshen gona, sai ta tsaya a rabi. Mu kuma da wautarmu, maimakon mu ɗaga kai mu dubi dutse, sai muka dubi tasa.

"Addi, faɗa mana gaskiya," in ji Uhmad ranar kasuwa, a bainar jama'a. "Hudar nan ka ƙara mata faɗi ko? Kafin mutum ya yi atishawa ta nutse!"

"Ni? Uhmad, ni kake faɗa wa haka?"

"To wa zan faɗa wa, jakina?"

Aka kwashe da dariya. Abin da ke cin raina har yau, har da ni a masu dariyar.

Daga ranar Kawu bai ƙara zama ba. Ya gwada hudar da ƙaya, ya kai ta wurin maƙeri, ya ari agogo ya auna. Magudana ta ƙafe ƙaf, zaitun suka bushe a tsaye, matasa suka watse birane, kowa ya gane inda ruwan ya tafi. Uhmad da kansa ya kawo masa kan sukari yana ba da haƙuri. Ina! Maganar ta riga ta shige shi. A tsaye yake cin gurasa, a tsaye yake shan shayi, kullum yana bin busasshiyar magudana daga wannan kai zuwa wancan yana magana shi kaɗai.

"Tuda," yakan tare ni, "in kuma tasar ce fa? In ruwan marayu na ci shekara talatin, me zan ce wa Ubangiji?"

Ya rame kamar sandarsa. Likitan birni ya ba shi ƙwayoyi, ya zubar. Ranar da na ga Inna tana ɓoye igiyar jaki a ƙarƙashin buhun sha'ir, na gane tsoro take kada Kawu ya rataye kansa.

Da safe na fizgi hannunsa, na ja shi har saman dutse, ina tafe ina masifa. A bayan waya injuna na ruri, wani bututu mai kaurin jikin mutum na kwarara ruwa cikin tafkin da ya fi gonakinmu duka girma.

"Ga ruwanka nan, Kawu! Kalle shi da kyau. Tasarka ce ta hawo da shi nan?"

Ya daɗe yana kallo. Can ya juya ga maigadin wurin.

"Bawan Allah, tasa nawa ne rabonsu?"

"Tasa kuma? Baba, injin nan ai ba ya tsayawa."

"Kai ba ka san ruwa ba. Ban taɓa ganin rabon da bai cika ba. Ara mini bokiti."

Ya zaro tasa daga aljihun rigarsa, ya ɗora ta kan ruwa, ya zauna. Zamansa na farko ke nan cikin shekara biyu. Allah Ya yafe mini, murna na yi, na ɗauka ya warke.

Yau shekara huɗu ke nan. Kullum da safe yana hawa da bokiti da tasa da ganyen dabino. Yana cin abinci, ya daina zancen marayu, ƙulle-ƙullensa sun cika buhu biyu. Ni ce yanzu ba na iya zama, ina jin ƙarar injin sai in tashi in rasa abin da zan yi da hannuwana.

Jiya ya sauko ya same ni a ƙofar gida.

"Tuda, ce wa uwarki ta share hanyar gonarta. Masu azurfa na gamawa, ita ce a gaba."

Na shiga na faɗa wa Inna, ina jiran ta yi tsaki ko ta yi kuka. Sai kawai ta miƙe. Ta yafa mayafinta, ta ɗauki fartanya ta fita.