Ranar da Birki Ya Ƙi Kamawa a Hanyar Sule Tankarkar

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da sayen motata ta farko ba, ƙanwata ta gama wankan jego a gidanmu na Gumel. Aka ce ni zan mayar da ita ɗakinta a Sule Tankarkar, ita da jaririyarta, mahaifiyata kuma ta yi mata rakiya. Ni kuwa a lokacin neman dalilin tuƙi nake yi, ko gishiri aka aike ni sai na tayar da mota.

Aka loda kaya kamar za a yi ƙaura: buhunan gero, jarkokin man gyaɗa, kwanuka, har da turmi. Bayan motar ya sunkuya. Ga shi bazara ce, rana ta take.

Tun ba mu fita gari ba Inna ta fara. "Ka bi a hankali, akwai ɗanyen goyo." In muka ɗan miƙa hanya sai ta sake cewa, "Kai dai rage." Motar mai canza giya da kanta ce, don haka sai na samo dabara: ƙafar dama a kan totur, ta hagu a kan birki, ina ɗan danna shi don hankalinta ya kwanta. Haka muka yi ta tafiya, ina jin kaina gwanin direba.

Mun ci fiye da rabin hanya ƙanwata ta ce, "Yaya, ba ka jin ƙauri?" Na ce ƙila sharar gona ake ƙonawa.

Ba a jima ba garken shanu ya hau titi a gabanmu. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Na sake takawa, shiru. Ban gaya wa kowa ba, amma Inna ta ga ƙeyata ta gane. Sai na ji ta fara salati a hankali, ta jawo jaririyar ta rungume.

Allah ya sa ba gudu nake yi ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, na ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, da na ga ba zai ishe ni ba sai na karya sitiyari na faɗa wata gona a gefen titi. Rairayi ya kama tayoyin, motar ta yi gunji ta tsaya. Turmi ya bugi bayan kujera. Shanun suka wuce abinsu, ko kallonmu ba su yi ba. Jaririyar ma barcinta take.

Mai gonar, wani dattijo, ya taho da fartanya a kafaɗa. Ya leƙa ya ga kowa lafiya, ya ce, "Sannunku da arziki. Gara da kuka zo kafin shuka." A nan ƙanwata ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Na kira abokina bakanike a waya na ba shi labari. Ya ce, "Ina ka ajiye ƙafarka ta hagu?" Na faɗa masa. Ya ce, "To dafa birkin ka yi. Ga lodi, ga rana, ga ƙafa. Ku zauna ya huce, ina zuwa." Muka zauna a gindin wata kuka, dattijon ya kawo mana ruwa. Abokina ya iso a babur, ya duba, mutanen ƙauyen suka turo mu titi. Muka ƙarasa a hankali. Washegari abokin nawa ya canza man birkin da duk abin da ya cinye.

Tun daga ranar ƙafata ta hagu ta yi ritaya. In na hango abu daga nesa, totur nake saki motar ta rage da kanta, ina barin tazara, ba na yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, man birki kuma ba na jira sai ya yi baƙi. Yanzu birki yakan daɗe mini har abokina ya ce na hana shi ciniki.

Har yau in na bi ta wajen gonar nan da damina, na ga gero ya rufe ta, sai na ji wani sanyi a raina. Nakan tsaya mu gaisa da dattijon. Kullum sai ya tambaye ni, "Yau da niyya ka tsaya, ko?"