Shekara Biyu a Bayan Shanu

Ranar Alhamis na shiga Mayahi da dosiyena cikin leda, washegari da azahar za a rufe karɓar takardun masta, digiri na biyu. Komai ya cika sai CV, takardar da mutum ke jera karatunsa da ayyukan da ya yi. A Issawane, inda nake malamin kwantaragi, ba mu da ordinatar, wato kwamfuta, shi ya sa na bar ta sai ƙarshe.

Na nufi sibar, shagon da ake buga takardu da shiga intanet. Mai sibar ɗin abokina ne, tare muka yi lise, babbar sakandare, a Tasawa. Ina faɗa yana bugawa: bak ɗin gama lise, lisans ɗin jeogarafi daga jami'a, binciken da na yi kan burtalin shanu. Harsuna, Hausa da Fulatanci da Faransanci. Sai ya ɗage hannu.

"Abokina, akwai rami a nan. Daga lisans zuwa koyarwa shekara biyu ba komi. Mi za mu sa?"

Ya san inda na shiga. Shekarar da na gama jami'a Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yayyena duk mata ne, suna gidajen mazansu. Ni na ɗauki sanda na bi shanu, rani muna kudu wajen Urafane muna cin karan gero, damina muna arewa.

"Sa kiwo," na ce.

Ya yi dariya, da ya ga fuskata ya bari. "Wallahi suna gani za su aje ka gefe. Mu sa ka yi sitaj, koyon aiki, a wata ONG, cikin ƙungiyoyin agajin nan. Ina da wanda zai buga maka kashe, hatiminsu, kafin la'asar, kowa haka yake yi."

Sai wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya. Gurup ɗinsa kuwa, injin wutar, yana wajen gyara.

Na fita na zauna gindin dogon yaro, gumi na bin bayana. Na kira malamar da ta duba bincikena a jami'a, ba ta ɗauka ba. Na sake kira. Ga abokina a bakin ƙofa yana nuna mini wayarsa, mai kashen na jiran amsa. Zuciyata ta fara karkata. Shekaruna sun ja, idan wannan ta wuce ni ban san ko zan ƙara samun ƙarfin nema ba.

Ana kiran sallar la'asar wayata ta yi ƙara, malamar ce. Na faɗa mata komai, har maganar kashen.

"Idan juri, masu tantancewa, suka tambaye ka sunan shugabanka a ONG ɗin, me za ka ce?"

Sai ta ci gaba.

"Kuma kar ka bar wurin fili. Rubuta: kula da garken iyali, Mayahi da Tasawa. Ka sa rijiyoyi da burtalin da ka bi. Ban yi maka alkawarin zai yi musu daɗi ba, akwai waɗanda na san za su yatsina fuska."

Da wuta ta dawo abokina ya buga yana girgiza kai. Layi biyu kacal abin ya ci. Rezon intanet ya ƙi, muka bari sai safiya. Da hantsin Juma'a dosiyen ya tafi.

Sun kira ni Maradi. Mutum uku ne a jurin. Wani mai tabarau ya karanta layukan nan da ƙarfi, ya dube ni.

"Wato makiyayi ne kai. In shanu suka sake nemanka a tsakiyar shekara fa?"

Na ce mijin yayata ya karɓi garken, mun yi magana gaban Baba. Ya ce hm, ya juya takarda. Bai ƙara tambayata komai ba.

Da sakamako ya fito sunana na cikin masu jira. Na koma aji ina koyarwa, ina duba waya tsakanin darasi da darasi, har aka fara girbi. Sai wani ya janye, aka kira ni.

Na iske Baba kwance a rumfa na faɗa masa da Fulatanci. Ya daɗe yana kallona, bakinsa na motsi kafin magana ta fito. Ya ce in je in ga shanun tukuna, kafin in hau mota.