Uwar Khal da Na Zubar a Kwata

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Baba Isiyaku ya tsaya a tsakiyar shago, hularsa a hannu, ana tuhumarsa da haɗa giya a cikin garin Makka ba. Ni na jawo masa, kuma ina tsaye a wurin.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin Turawa ba, ni kuma ban cika shekara ba a shagon Mu'allim Bakur da ke unguwar Misfala. Mu'allim shi ne mai shago, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo daga Kano da ƙafa. Ƙarƙashinsa sai Baba Isiyaku, dattijon da ya biyo ta Chadi da Sudan, shi ke riƙe da makullin ɗakin baya. Ni ne na uku, ina gaba wajen masu saye. Na zo da gemuna da iyalina, a ganina babu abin da wani zai koya mini.

Sana'armu ruwan zabibi, wato busasshen inabi a jiƙa shi, a murje, a tace. Baƙin zabibi yana da kauri da ɗan bauri, shi masu cin tsire suke so don yana wanke maiƙo. Raziƙi kuwa, dogon fari mai siririn ɓawo, zaƙinsa a hankali yake, da sambusa ake shan sa. Muna kuma sayar da khal, ruwan tsamin da ake yayyafa wa wake da balila, wani dafaffen wake na Larabawa, ban kuwa taɓa tambayar inda yake fitowa ba. Ƙa'ida ɗaya aka koya mini ranar farko: ruwan zabibi ba ya kwana biyu. A zafin Makka da ya wuce haka sai ya fara kumfa, daga nan kuma ya haramta.

Da ɗanyen inabin garin Ɗa'ifa ya fara shigowa, sai na lura da wani abu. Wanda ya nuna ya farfashe, wanda ba mai saye, shi Baba yake kwashewa ya shige ɗakin baya ya rufo ƙofa. In ya fito, wani wari ya biyo shi. Ni kuwa a garinmu na tashi kusa da unguwar masu burukutu, na ɗauka hancina ya gama sanin warin duk abin da ya tsima. Na fara sa masa ido. In ya yi murmushi in ce na maye ne, in ya yi tuntuɓe in ce ka gani ko. Mutumin da ba ya rasa sahun gaba, amma ni har carbinsa na daina yarda da shi.

Wata ranar Talata bayan Azahar ya tafi Harami sallar gawa, ya manta makulli a jikin ƙofa. Na shiga. Randuna uku manya an rufe bakinsu da ƙyalle, sai wata 'yar tukunya a lungu. Na buɗe ta, na ga wani abu mai yauƙi kamar hantar rago yana yawo a cikin ruwa mai hawa kai. Na ce to ga gamin giyar nan. Na kwashe na zubar a kwata, na cika tukunyar da ruwan rijiya, na mayar da ƙyalle. Na fito ina jin kaina mutumin kirki, wai na rufa wa tsoho asiri.

Washegari Baba ya matse sabon inabi a randa, ya zuba masa ruwan 'yar tukunyar nan. Ɗakin da duhu, idonsa ya yi rauni, ko'ina kuma warin tsami ne, bai gane komai ba. Kwana uku bayan haka, da hantsi, randar ta tashi. Daga gaba ana jin ta tana ɓutuɓutu, warin kuwa har bakin titi, kuma wannan karon warin giya ne na gaske.

Mu'allim ya shigo, ya tsaya cak. "Esh hada, ya Ammi? Mene ne wannan, Baba? Shekara ashirin kana gidan nan! Kana so a rufe mini shago, kai kuma a zane ka a bainar jama'a?"

"Wallahi, ya Mu'allim, da hannuna na zuba mata uwa kafin ta kwana."

Mu'allim ya tsoma yatsa a 'yar tukunyar ya ɗanɗana. "Wannan ruwa ne. Ina uwar? Kai kaɗai ke shiga ɗakin nan. Khalas, shi ke nan, ba ni makulli."

Baba ya cire hula, ya miƙa makullin. Ya nufi ƙofa.

Sai a lokacin na fahimci abin da na yi. Ku da kuka zo daga baya, ga yadda abin yake. Ruwan inabi in an bar shi kawai, giya zai zama. Shi ya sa masu sana'ar suke zuba masa tsohon khal mai ƙarfi tun bai yi kumfa ba, sai tsami ya rinjaye shi, ya tafi khal ba a taɓa samun abin maye a randa ba. Wancan abu mai yauƙi shi ake kira uwa, ita ke raya tsohon khal ɗin. Rufe ƙofar kuma don ƙuda ne. Abin da ke tsare shagon daga haram shi na zubar a kwata.

Ba zan ɓoye muku ba, na so in bar maganar a cikina. Da na bar ta, ba mai sani. Amma na ga Baba yana laluben takalminsa a bakin ƙofa, sai na kasa.

"Mu'allim, ni ne. Ni na zubar. Na zaci kayan giya ne."

Mu'allim ya dube ni kamar zai haɗiye ni. Baba kuwa a hankali ya juyo. "Haruna, wata nawa muna cin abinci a kwano ɗaya? Bakinka ciwo yake da ba za ka tambaye ni ba?"

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Mu uku muka kinkimi randar muka tuntsurar da ita a bayan gida, muka bi da toka da ruwa. Mu'allim ya mayar wa Baba makulli yana sumbatar kan tsohon. Ni ya so ya kore ni, Baba ya hana.

Al'adar sana'ar ita ce uwa ba a sayar da ita, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Bayan La'asar Baba ya ɗora mini kwano, muka taka har unguwar Jarwal wajen wani mai khal. Baba ya ce ni zan roƙa, kuma ni zan faɗi dalili. Na faɗa, mutumin ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yanko mana.

Daga ranar na san a sana'ar nan hanci kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma duk abin da ban gane ba sai in tambaya kafin in kai hannu. A hanyar dawowa na ce wa Baba ai ga shi an samu wata, komai ya wuce.

"Riƙe kwanon da kyau," in ji shi. "Wadda ka zubar, mahaifin Mu'allim ne ya damƙa mini ita da hannunsa. Ta girme ka."