Reshen da Malam Habu Ya Bar Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina haɗa shayi, Ngozi ƙawata ta makaranta ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "Binta, Malam Habu ya rasu. Tun jiya aka kai shi."

Shayin yana nan kan tebur, ya huce.

Yawancinku ba ku san shi ba. Mai gyaran bishiya ne a Fagge, a shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya shigo kowa ya kama rushe ginin ƙasa yana ɗora bene. Tare suke aiki da Oga Emeka na Sabon Gari, mahaifin Ngozi, wanda ya riga shi tafiya da daɗewa. Malam Habu ke hawa, Oga Emeka ke riƙe igiya a ƙasa, yana sassauta ta a hankali har reshe ya sauko bai taɓa kwanon kowa ba.

Kekensa kawai za ka gani ka san aikinsa. Igiya a nannaɗe a kariya, adda, ƙaramin gatari, zarto an naɗe haƙoransa da tsumma, sai gwangwanin kwalta yana lilo. Duk inda ya yanka sai ya shafe da kwalta, wai kada ruwa ya shiga ciwon.

Da Oga Emeka ya sayo zarto mai inji, faɗa ya samu. Daga sama za ka ji, "Kai Emeka, kashe babur ɗin nan, ba na jin bishiya!"

"Haba Malam, wai itace magana yake yi?"

"Ya fi ka magana mai amfani."

In ya zo layinmu yakan wasa wa Inna wuƙaƙe ba tare da ta tambaya ba. Ni kuma "Malama" yake ce mini, saboda kullum da littafi a hannuna. Ya lura ina jin kunya, don haka in zai gaishe ni addarsa yake kallo, ba ni ba. Ban taɓa ganin wanda ya san ya yi mini haka ba sai shi.

Ina 'yar shekara goma sha biyar lokacin. Littattafan soyayya na Turanci nake aro a wurin Ngozi, in rufe bangonsu da takardar siminti. Jaruman ciki duk dogaye ne masu faɗin ƙirji. Malam Habu kuwa siriri ne, ga wushirya, ƙafafunsa duk faso. Amma ranar da na fara ganinsa yana tafiya kan reshe babu takalmi, rana a bayansa, sai na daina ganin fuskokin waɗancan a raina.

Rabona da shi tun kafin azumin bara, a Rijiyar Lemo. Yana zaune kan tabarma, ido ya yi rauni, yana bin wata tsohuwar igiya da yatsu yana neman inda ta ci. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Muryar nan ta gidan Alhaji Sani ce. Har yanzu a hankali take fita." Na so in faɗa masa abin da zan rubuta muku yanzu. Sai na tambayi jiki, na tambayi iyali, na tashi.

Ga abin.

A tsakar gidanmu akwai tsohuwar tsamiya. Wani reshenta mai kauri ya miƙo ta kan rufin soron Inna, inda nake hawa shanya kuɓewa. In na gama shanya sai in tsallaka in zauna a inda reshen ya rabu biyu, ganye ya rufe ni. Daga nan ina hango rufin Sabon Gari, ina jin kukan jirgi daga tasha, ina karatu ina tunanin garuruwan da ban sani ba. Gidanmu cike yake da mutane. Nan kaɗai ne babu mai kirana, babu mai cewa me nake wa murmushi.

Kuma babu wanda ya sani. Budurwa kan bishiya, tsamiya kuma, wadda ake cewa iskoki ke kwana a kai? Ai da na shiga uku.

Sai Baba ya samu kwangila, ya ce bene za a yi, da baranda ta zagaye. Magini ya auna, ya nuna rassan da za su tafi. Nawa ne na farko da ya nuna.

Malam Habu yana da wata al'ada. Kafin ya sa zarto a kowane reshe, sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan adda, ya ɗaga murya ya ce, "Da mai shi?" Sannan ya jira. Mutane suna cewa iskoki yake tambaya. Shi kuwa cewa yake saboda ƙudan zuma ne, da maciji, da tsuntsuwar da ke kan ƙwai. Ko mene ne, bai taɓa tsallakewa ba.

Ranar ina bakin madafi ina tsintar shinkafa, ba na ganin komai a cikin faifan. Rassa suna ta saukowa. "Da mai shi?" Shiru. Zarto. "Sassauta, Emeka!" Haka har ya zo kan nawa.

Ya taka ya tsaya. Na ga ya goga tafin ƙafarsa a inda nake zama. Ɓawon tsamiya kaushi gare shi, amma wurin nan zamana ya sa ya yi santsi. Ya sake gogawa. Bai kalli ƙasa ba.

Ya ƙwanƙwasa. "Da mai shi?"

Shiru.

Oga Emeka ya ce, "Malam, aljanun sun tafi kasuwa, yanka mu tafi."

Bai yanka ba. Ya sake ƙwanƙwasawa, a hankali wannan karon. "Na ce da mai shi? In babu, zarto zai ci."

Baba yana tsaye da magini, Inna tana bakin ƙofa, ga leburori. Ni da ko sunana ba na iya faɗa a gaban baƙo. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Akwai."

Kowa ya juyo. Inna ta dafe ƙirji. Baba ya ce, "Ke? Ke kike hawa can?"

Na kasa ɗaga kai. Ina jin hawaye suna sauka cikin shinkafar.

Daga sama Malam Habu ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Ƙa'idar aikinmu ce, in aka amsa ba ma sara. Gidanka ne, kana iya kiran wani. Ni dai hannuna ba zai iya ba."

Oga Emeka ya saki igiya ya ce, "Ranka ya daɗe, nima injina ba shi da mai." Ga jarkar mai a gefen ƙafarsa kowa yana gani.

Baba ya daɗe yana kallon reshen, ya kalle ni. Sannan ya juya wurin magini ya ce, "Barandar ta tsaya daga nan."

Malam Habu ya datse bakin reshen kaɗan, ya shafa kwalta, ya sauko yana naɗe igiyarsa kamar ba a yi komai ba.

Na wuni ina jiran duka. Da la'asar Baba ya wuce ni zai tafi masallaci, bai tsaya ba, ya ce, "In za ki tsallaka, ki ajiye littafin tukuna. Hannu biyu ake kamawa."

Benen namu shi kaɗai ne a layin mai gutsurarriyar baranda. An sayar da gidan bayan rasuwar Baba, yanzu sito ne na 'yan atamfa, tsamiyar babu ita. Amma na zauna a reshen nan har na gama makaranta, kuma ba a ɓoye ba.

Ya Allah, bawanka Habu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka ba shi inuwa a ranar da babu inuwa sai taka. Ka ba iyalansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce haka. Ka tsaya ka yi masa addu'a, ko da a zuci ne.