Takunkumin Hindawiyya a Kan Mai Gyaran Firiji

A azumin da aka yi yaƙi, wanda ƙasashen Larabawa suka hana Turawa man fetur, unguwarmu ta Hindawiyya, a birnin bakin teku da ke kusa da Makka, ita ma ta ga bai kamata a bar ta a baya ba. Ba mu da rijiyar mai. Abin da muke da shi Bajamushe ne guda ɗaya, mai gyaran firiji da fanka, a wani shago mai faɗin tabarma biyu kusa da masu gasa gurasa. Ya kusa shekara ashirin a wurin. Yana jin Larabci, yana gaisuwa da Hausa, kuma ba a taɓa ganin ya kai ruwa bakinsa a gaban masu azumi ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai sayar da abin shan nan mai sanyi da ake kira sobiya lokacin buɗa-baki, shi ne mai mirkaz, wato dogayen kujerun da dattawa ke zama a kansu a ƙofar gida. A nan aka yanke hukunci uku: kada a kai wa Bajamushe gyara, kada mata su ƙara aika masa kwanon buɗa-baki, kuma a rubuta wa kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, takarda kada ya sabunta masa iƙama, wato izinin zama, wadda za ta ƙare da ƙaramar Sallah. Dattawa bakwai suka buga hatiminsu, aka kai wa kafilin a gidansa na Abhur.

Ni a lokacin ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo, don haka duk abin da na faɗa a mirkaz, sai a ce rediyo ne ya faɗa. Bayan kwana biyu da tafiyar takardar na yi kuskuren cewa Jamus biyu ce.

"Biyu kamar yaya?" in ji Kawu.

"Akwai ta yamma, akwai ta gabas, Kawu. Ta gabas tana tare da Larabawa."

"To namu na wacce ne?"

"Ban sani ba."

"Ya Salam! Kullum kana cikin akwati kana gaya wa duniya labari, maƙwabcinka ba ka sani ba? Yalla, mu je."

Muka tafi mu huɗu bayan la'asar. Muka tarar da shi zaune, shagon ba kaya sai fanka ɗaya tasa. Ya miƙe, ya ce, "Sannu da azumi, Alhaji." Kawu ya dubi rufi, don gaisuwa ba ta cikin abin da aka halatta, ya ce ni in yi tambayar.

Bajamushen ya ce fasfonsa na yamma ne. Garin da aka haife shi kuwa ya fi Jamus ta gabas gabas, amma bayan babban yaƙinsu an ba wata ƙasa, an kore su, har sunan garin an sake. Kabarin uwarsa na can, ba shi da takardar da zai je ya gani.

Wani tsoho a cikinmu, wanda kakansa ya zo daga Katsina da ƙafa, shi kuwa bai taɓa ganin Katsina ba, ya ce, "Kai! Ashe Takari ne irinmu."

"Ya sheikh, kada ka ɓata mana shawara," in ji Kawu.

Kwana biyar mirkaz yana muhawara. A rana ta shida firijin Kawu ya yi gurnani ya tsaya, sobiya ta yi ɗumi, masu saye suka koma wurin wani Bayamale. A rana ta bakwai aka gano cewa takunkumin a kan fasfo yake, bai shafi hannu ba. Aka tura firiji a amalanke, a bayansa fankoki huɗu da ban san duk sun mutu ba. Mahaifiyata ta aika da sambusa, daga baya na gane ba ta taɓa dainawa ba.

Saura takarda. A al'adar dattawanmu, abin da hatimi bakwai ya ƙulla, hatimi bakwai ɗin ne zai kwance, in ba haka ba mutum ya ji kunya ya zama mai magana biyu. Na rubuta sabuwar takarda, biyar suka buga. Sauran biyun sun riga sun shiga i'itikafi a Makka, hatiminsu a yatsunsu, ba za su fito ba sai an ga wata. Na ce a kai da biyar. Kawu ya ce ba a wasa da tsari. Na ce in bi su Makka. Aka ce ba a katse wa mai ibada da maganar Nasara.

Suka dawo ranar Sallah, suka buga da fara'a, har ɗayansu yana cewa shi tun farko bai so ba. Da muka isa Abhur, kafilin ya karanta, ya ninke, ya miƙo mana.

"Halas, magana ta ƙare. Na riga na sa an buga masa hatimin fita daga ƙasa. Ai ku kuka nema."

Kawu da kansa ya ɗauki akwatin Bajamushen har tashar jirgin ruwa, ya yi masa doguwar addu'a, ya kuma tambaye shi wace waya ake taɓawa in firijin ya sake gurnani. Bajamushen ya zana masa a bayan ambulan.

Bayan wasu watanni na karanta a rediyo cewa an ɗage takunkumin mai. Namu ba wanda ya zauna ya ɗage shi, don haka, a iya sanina, yana nan har yau.