Layin Doña Herminda a Akwatin Ɗumi

Evaristo Cárcamo ya shekara talatin da huɗu yana gasa burodi a Puerto Canelo, ƙauyen nan na bakin tafki inda iska ba ta hutun Lahadi. Bai taɓa aure ba. In an tambaye shi dalili, sai ya ce wace mace ce za ta zauna da mutumin da ke kwanciya tare da kaji, ya riga zakara tashi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, gashin hannunsa kuwa wuta ta gama da shi tun yana saurayi.

Burodinsa dai ba laifi. Amma bayan tanderunsa ne ya sa kowa ya san ƙofarsa. Tanderu ne na jan bulo, da wani dakali a baya wanda bai san sanyi ba. A gidajen mutane murhun itace kan mutu kafin gari ya waye, ƙasar shuka ta sandare, irin tumatir da barkono kuwa in bai ji ɗumi ba, ko kiɗa za a yi masa ba zai leƙo ba. Don haka da Agusta ya kama, sanyi ya fara tunanin tafiya, sai mata da tsofaffi su ɗebo gwangwanayen madara da akwatunan kifi cike da ƙasa, su jera a dakalin Evaristo. Kowa da wurinsa, kamar bencin coci. Kullum da hantsi a zo duba iri, a zauna, ƙoƙon shayin mate ya yi ta zagayawa, a ci naman wanda bai zo ba. Wata biyu a shekara, ba wanda ya kai Evaristo yawan iyali a garin.

Sai ƙirjinsa ya fara kukan mage. Likita ya ce ƙurar fulawa ce, ko ya bar ta ko ta gama da shi. Ya bari. Tanderu ya huce, ya tsage, mota ta fara kawo burodi daga birni a cikin leda. Agustan farko ba wanda ya ƙwanƙwasa. Wasu 'ya'yansu sun aiko musu da shimfiɗar lantarki ta ɗumama iri, wasu sun koma sayen dashe. A hanya ana gaishe shi da kyau, "Don Evaristo, ya jiki?" Kafin ya gama amsawa an sha kwana.

Shekara ta biyu ya hau bas zuwa birnin Coyhaique, ya shiga wani kantin kayan lambu, ya ce akwatin ɗumi yake so, irin wanda ake jonawa a bango.

Matar kantin ta ɗauko wani ɗan ƙarami mai murfin roba garai-garai. "Ga mai gurbi goma sha biyu, Kaka. Ya ishi gida."

"Sha biyu? Me zan rena a ciki, ƙwarƙwata?"

"Ku nawa ne a gidan?"

"Ni kaɗai." Ya nuna wani can sama mai faɗin ƙyauren taga. "Sauko mini da wancan."

"Gurbi sittin ne fa."

"Na iya ƙirga, 'yata."

Ta sauko da shi. Ta nuna masa abin murɗawa na ƙara zafi da ragewa, da 'yan tagogin iska biyu a murfin. Ta ce ya tsaya wajen digiri ashirin da biyar, kada ya cika ruwa, in sun tsiro ya buɗe musu iska ya kai su ga haske, sannan don Allah ya karanta takardar da ke ciki.

Ya ce, "Ina auna zafi da bayan hannu tun kafin uwarki ta yi haƙori."

A gida ya kafa akwatin a kan teburin murza fulawa, gaban taga. Ya fasa katako siri-siri, ya rubuta sunayen mutanen dakali, ya soka kowane a kan layinsa yadda suke jere a da, har da na marigayi Anselmo, kafin ya tuna ya zare. Ranar Lahadi ya tsaya a ƙofar coci yana shela. Kowa ya ce madalla, suna nan tafe. Ya sayi ganyen mate kilo biyu.

Mutum ɗaya ce ta zo. Doña Herminda Oyarzo, matar marigayi matuƙin jirgin tafki, shekara saba'in da 'yan kai, bakinta kamar sabuwar reza. Ta zagaya akwatin tana taɓe baki.

"Wannan ne ya gaji tanderun? Ai kamar akwatin gawar jariri."

"Ke dai ba ki taɓa shigowa da alheri ba, maƙwabciya. Zauna."

Ta kwance hankici. Irin tumatir ne rawaya, wanda mahaifiyarta ta taho da shi daga tsibirin Chiloé, ba a sayar da shi a ko'ina. Ta dasa ƙwaya goma da yatsanta, ta ce Talata da Juma'a za ta riƙa zuwa dubawa, don ba ta yarda da abin da ba ya hayaƙi ba.

Talata da Juma'a Evaristo ya fara aski, yana share ɗaki tun da safe. Sauran kwana biyar ɗin ya zauna gaban layuka biyar da ba kowa a cikinsu sai sunaye.

Tun ranar farko ya ɗora bayan hannu a gindin akwatin, ya ji ɗumi kamar na kujerar da wani ya tashi a kai. Ya ce wannan ko kwaɓin fulawa ba zai tasa ba, balle tumatir. Ya murɗa abin har ƙarshe, ya rufe tagogin iska, ya kwarara ruwa, sannan ya yi abin da hannunsa ya saba yi wa duk abin da ake so ya tashi: ya lulluɓe shi da bargon ulu riɓi biyu. Ranar zuwanta kawai yake yayewa.

A kwana na shida ya ɗaga murfin, wani tsami ya buge shi. Farar fumfuna ta rufe ƙasar. Ya tono ƙwaya ɗaya, ta narke a yatsansa kamar dafaffiyar shinkafa.

Ya san in ya faɗa mata, ba ta da sauran abin zuwa dubawa. Sai ya ɗauko cokali ya kankare fumfunar, ya barbaɗa sabuwar ƙasa, ya shafe ta sumul.

Ranar Juma'a ta leƙa. "Har yanzu shiru?"

"Tumatir ɗin uwarki akwai jan aji. Da gani kin san inda kika gado."

Ta yi tsaki, ta karɓi ƙoƙon, ta zauna har azahar tana ba shi labarin surukarta da ba ta iya soya albasa ba. Talata ma haka. Ya yi dariya inda ya kamata.

Rana ta goma sha biyar ba ta zauna ba. Ta zare tsinken gashinta, ta soka a gurbin farko, ta juya. Na biyu. Na uku. Ta shinshina tsinken.

"Evaristo. Dafa su ka yi?"

"Bargo na sa musu. Na ga kamar suna jin sanyi."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya dubi ƙasa. "Kwana tara."

"Kwana tara kana ba ni shayi a kan kabari! Tsohon banza, da ka faɗa tun ranar ai da na sake shuka da wuri. Takwas suka rage mini a duniya, takwas!"

"In na faɗa, da ba ki dawo ba."

Ta mayar da tsinken cikin gashi da ƙasarsa, ta fita. Washegari aka gan ta da hankici a gidan surukar nan tata, wadda ke da shimfiɗar lantarki.

Juma'a ta zo, ya yi aski, ba wanda ya zo. Da la'asar ya nemo tabarau, ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, har ɓangaren da aka rubuta da harshen da bai sani ba. Ya zubar da ƙasar, ya wanke guraben da ruwan zafi, ya zuba sabuwa mai ɗan danshi kawai. Ya shuka barkonon da ya rage masa a kwalba. Da yake bai ƙara yarda da hannunsa ba, sai ya soka ma'aunin zazzaɓinsa a ƙasar, yana dubawa kamar mai jinya.

Kwana goma sha biyu, wasu 'yan kore suka ɗago a lanƙwashe kamar masu neman gafara. Ya buɗe tagogin iska, yana juya su ga haske kowace safiya. Da suka yi ganye huɗu, ya ɗauki shida a gwangwani, ya ɓoye cikin rigar sanyi, ya ratsa garin iska na tura shi gefe.

Ta buɗe ƙofa rabi. Ya fito da gwangwanin.

"Na koya," in ji shi.

Ta ɗaga shi ga haske, ta duba kara, ta latsa ƙasar. "Ba su yi zanƙal-zanƙal ba. To." Ta riƙe gwangwanin. "Nawa biyar sun fito a wurin waccan surukar tawa, tana ta yi mini gori. Bana kam an gama, lokacin shuka ya wuce."

"Baɗi fa?"

"Baɗi ƙwaya uku zan kawo maka, ba goma ba. In muna raye. Tafi gida, tsoho, ƙirjinka na kuka."

Ta rufe ƙofa. Evaristo ya ɗaga kwalar rigarsa ya kama hanya, yana lanƙwasa yatsu cikin aljihu, yana ƙirga watanni daga Oktoba zuwa Agusta.