Shekarar da Numfashin Inna Ya Sarƙe

A shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, asmar Inna ta tashi gadan-gadan. Baba ya rasu, ni kuma aurena ya mutu na dawo gida, mu biyu muka rage. A asibitin Minjibir aka rubuta mata abin shaƙa iri biyu: shuɗi na lokacin da numfashi ya sarƙe, da mai ruwan ƙasa na safe da yamma, ko da lafiyarta ƙalau. Sai da na sayar da akuyata muka saye su.

Shuɗin ta yarda da shi, don yana shiga ƙirji ya buɗe. Ɗayan kuwa ta ƙulle a tsumma ta tura ƙarƙashin katifa.

"Inna, kin shaƙa?"

"Yau garau nake. Wa ke shan magani da lafiyarsa? A bar shi sai rana ta ɓaci."

Na yi lallashi, na yi kuka, har na kira ƙanenta ya yi mata magana. Ta ce to, yana fita ta mayar da maganin ƙarƙashin katifa.

Da kaka ta yi, ta shiga aikin sussuka a gidajen mutane don a auno mana hatsi. Wata la'asar aka aiko in zo. Na tarar da ita durƙushe a gindin turmi, ƙaiƙayi duk a kanta, ƙirjinta na fito kamar usur. Na danna shuɗin, babu komai a ciki. Na ruga na ɗauko na ƙarƙashin katifa, na danna mata, na sake dannawa, ina kiran sunan Allah. Bai yi komai ba. Leɓenta ya fara canja launi.

A babur muka kai ta asibiti, na riƙe ta ta baya, kanta na lilo a kafaɗata. Da ta farfaɗo, ma'aikaciyar jinya ta zauna a bakin gadon.

"Inna, wannan mai ruwan ƙasa ba ya kashe wuta in ta kama. Hana ta kamawa yake yi. Kullum ne."

Daga nan na karɓi taɓaryar, na ci gaba da sussukar a madadinta. Kowace safiya nakan tsaya a kanta ta shaƙa, ta riƙe numfashi, ta kurkure baki, da magariba mu sake. Tarin ya lafa, ta koma kai wa rijiya ba tare da ta tsaya ba.

Amma gwangwanin maganin sai ƙara sauƙi yake a hannuna. Na je Gezawa, mai kemis ya ce irinsa ya yanke, ko a birni sai an sha yawo. Na tsaya a bakin titi, ba akuya, ba hatsin sayarwa, ina tunanin wanda zan tunkara.